Haihuwar goɗiya: rabin awar da ke raba mai doki da dukiyarsa

A ƙasar Tasawa akwai garin da ake kira Hawan Dawaki, kuma sunan kaɗai ya isa ya shaida irin matsayin da doki yake da shi a wannan yanki tun zamanin kakanni. Daga can kudu har zuwa Urafan a arewa, da ƙauyukan Mayahi da ke maƙwabtaka da ita ta yamma, doki ne abin hawan sarki da malami da bafatake. Farin 1973 da na 1984 sun share turaku da dama, babur kuma ya zo ya karɓe aikin tafiya, amma har gobe ba a naɗin sarauta, ko hawan salla, ko tarbon babban baƙo, sai da dawaki. Ga kuma kasuwa a ƙetaren iyaka: Mai'aduwa ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, da masu hawan daba na Katsina da Kano waɗanda ba su gajiya da neman doki mai kyau, balle yanzu da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024.

Shi ya sa ɗan kasuwa a Maraɗi, ko ma'aikacin gwamnati a Yamai, yakan ga dacewar ya sayi goɗiya ya kai ta ƙauye wurin ɗan'uwa, yana aika kuɗin harawa da dusa, da fatan kowace shekara ko shekara biyu ta ba shi dukushi. Lissafin yana da kyau a bisa takarda. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, wato kwana 340 ko kusa da haka, kuma ɗa guda take haifa. Ranar da salula ta yi ƙara da asuba aka ce ta haihu amma ɗan bai zo da rai ba, to shekara guda ta ciyarwa ta tafi ke nan, wani lokaci har da uwar. Mu musulmi ne, mun san rai da ajali na Allah ne. Sai dai yawancin irin wannan asara tana da sanadin da ake iya gani, kuma mutanen da suka fi kowa sanin sanadin nan su ne masu kiwon wasu ƴan mitsi-mitsin dawaki a ƙasashen Turawa, domin su ne suka fi kowa binne ƴaƴan dawaki.

Mai karatu ya yiwu ya taɓa ganin hotunansu a salula: doki cikakke, da geza da wutsiya, amma bai wuce ƙugun mutum ba. Fitaccen irinsu shi ne Falabella na ƙasar Ajantina, wanda wani gida mai wannan suna ya yi ta tacewa tun ƙarni na 19, ana zaɓen ƙarami ana haɗa shi da ƙarama. A Amurka an kafa ƙungiyar masu kiwon ƙananan dawaki a jihar Tekzas a shekarar 1978, kuma ƙa'idarta ita ce dokin da ya wuce santimita 86 daga ƙasa zuwa gashin ƙarshe na geza ba ya shiga littafinta. Ba a hawansu sai dai yara ƙanana. Ado ne da gasa da jan ɗan keke. A Urafan ba a kiwon irinsu, amma ƙanƙantar doki ba baƙuwa ba ce gare mu. Hausa tana da kalmar ƙuru tun da daɗewa, sunan gajeren dokin nan mai taurin rai na duwatsun Jos da na kwarin Logon tsakanin Cadi da Kamaru. Ƙuru haka Allah ya yi shi, jikinsa daidai da tsawonsa. Ƙaramin dokin Turawa kuwa mutum ne ya matsa wa jinsin har ya tsuke. Akwai kuma ƙanƙanta ta uku, wadda ta fi shafar mu, ita ce ta yunwa: dukusar da aka yaye da wuri, ta yi bazara biyu tana cin kara, ta tsumbure, sa'an nan aka kai ta barbara tun ba ta cika shekara uku ba.

Abu na farko da masu ƙananan dawaki suka koya, kuma da tsada suka koye shi, shi ne cewa garin neman ƙanƙanta sun tara wadanci a cikin garkensu. Masu bincike na jami'ar Kentaki sun gano lahani iri huɗu a wata ƙwayar gado da ke kula da ginin guringuntsi. Dokin da ya gaji lahanin daga gefe ɗaya lafiyarsa lau, sau da yawa ma shi ne abin sha'awa don ya fi saura gajarta. Amma idan aka haɗa shi da goɗiya mai ɗauke da irin lahanin, to cikin kowane ciki huɗu ana sa ran ɗaya ya zo wada: ƙaton kai mai tudun goshi, muƙamuƙi a karkace, ƙafafu a lanƙwashe. Wani cikin yakan zube, wani kuma ya maƙale wajen fita. Duk wanda ya san yadda amosanin jini, wato sikila, yake bin ƴaƴan ma'auratan da kowanensu ke ɗauke da shi a ɓoye, ya gane lissafin. Yau a can ana tsinke gashin wutsiya a aika ɗakin bincike kafin a yi barbara. Mu ba mu da wannan gwaji, kuma ba a san dawakinmu da wannan lahani ba, amma darasin ya shafe mu ta wata fuska: a ƙauyen da ingarma ɗaya ne ke hawan kowace goɗiya shekara da shekaru, ba a daɗewa zai hau ƴarsa da jikarsa, kuma ta haka ne duk wani ɓoyayyen aibi yake fitowa fili. Tafiyar yini guda zuwa wani gari neman baƙon ingarma ta fi arha bisa ga dukushin da ba zai miƙe ba.

A nan ya kamata a gyara wata magana da ake yawan yi a bakin turke, cewa babban ingarma ne ke kashe ƙaramar goɗiya da ƙaton ɗa. A shanu wannan gaskiya ne. A dawaki kuwa mahaifar uwa ce ke ƙayyade girman ɗan kafin haihuwa. Tun 1938 wasu masana biyu na Kambirij a Ingila, Walton da Hammond, suka gwada abin: suka haɗa irin ƙaton dokin Shaya da na ɗan ƙaramin dokin Shetlan ta ɓangarorin biyu. Ƙaramar goɗiyar ta haifi ɗa daidai da jikinta, babbar kuma ta haifi wanda ya ninka shi nauyi kusan sau uku, alhali jinin iri ɗaya ne. Saboda haka abin da ya fi kawo wahalar haihuwa ga goɗiya shi ne kwanciyar ɗan: ƙafa ta lanƙwashe a gwiwa, ko kai ya juya baya bisa dogon wuyan nan, ko ɗan ya zo ta baya. A dawakin sukuwa na Turai ana samun haka a kusan haihuwa 4 cikin 100. A ƙananan dawaki abin ya fi yawa, domin su an rage musu jiki fiye da yadda aka rage kai, ga kuma ƙugu matsattse wanda hannun namiji da ƙyar yake shiga don gyara. Tsumburarriyar dukusa tamu ta fi kusa da wannan hali bisa ga goɗiyar da ta cika girma.

Abin da ya raba goɗiya da saniya shi ne gaggawa. Saniya tana iya yin awa biyu ko uku tana naƙuda a ciro ɗan maraƙi da rai, shi ya sa makiyayin da ya saba da shanu yakan ce a ba ta lokaci. Goɗiya ba ta da wannan lokaci. Daga fashewar faya zuwa faɗowar ɗa minti 20 ne zuwa 30, tana yunƙuri da ƙarfin da ba a iya tsayar da shi, kuma mabiyiya tana fara saki daga jikin mahaifa tun ɗan yana hanya. In ta saki, numfashinsa ya yanke. Wani bincike da aka yi a asibitin dawaki a Amurka, aka buga a 2007, ya nuna cewa bayan rabin awar farko, kowane minti 10 da aka ƙara yana ƙara haɗarin ɗan ya fito matacce da kashi 10 cikin 100. To, a auna wannan da nisan da ke tsakanin wani ƙauyen Urafan da malamin dabbobi a Tasawa, cikin rairayi, da tsakar dare. Ko da babur ne, kafin a je a dawo an gama. Wanda ke tsaye a bakin turke a wannan dare shi ne likitan, ko ya iya ko bai iya ba.

Kuma da dare ne take haihuwa, kusan sau 8 cikin 10, don dabba ce mai gudun idon maƙiyi, har takan riƙe naƙuda in ta ji hayaniya. Masu ƙananan dawaki sun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai: suna kafa na'urar ɗaukar hoto a barga, suna ɗaura wa goɗiya wata ƴar na'ura a ragama wadda ke buga ƙararrawa in ta kwanta ta miƙe, suna kuma gwada ɗigon nononta kowace yamma don su san ranar ta matso. Dalilinsu shi ne sau da yawa ɗan ƙaramin doki yakan fito lafiya lau amma ya kasa yage farar jakar da ta lulluɓe shi, ya shaƙe a cikinta, a iske shi da safe cikakke ba abin da ya same shi sai rashin wanda zai sa yatsa ya ɓarke masa ita a hanci. Duk na'urorin nan aikinsu guda ne, su tashe mutum daga barci. Tabarma da tocila a gefen turke suna yin wannan aiki. Alamun kuwa a bayyane suke: hantsa takan fara cika wata guda kafin ranar, naman gindin wutsiya ya saki, sa'an nan kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa a ga wani abu kamar kakin zuma ya daskare a kan nono. Daga ranar nan ba a barin ta ita kaɗai, kuma a kwance mata dabaibayi, a share wurin, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa.

Mai tsaron ya san abin da zai gani in komai na tafiya daidai. Bayan ruwa ya zubo, cikin minti 5 zuwa 10 farar jaka mai shara-shara za ta leƙo, a cikinta kofato ɗaya, na biyu yana ɗan bayansa, tafinsu na kallon ƙasa, sai hanci kwance bisa ƙafafun. In haka ne, a ja da baya a yi shiru. In kuwa abin da ya leƙo jan abu ne mai kauri kamar ƙaramiski, ba a kuma ga zubar ruwa ba, to mabiyiya ce ta riga ɗan fitowa, kuma a wannan lokaci ba ya samun iska ko kaɗan: nan take a yage ta da hannu ko a tsaga da almakashi mai tsabta, a kamo ƙafafun a taimaka masa ya fito. In an ga ƙafa ɗaya kawai, ko ƙafafu ba hanci, ko ta yi minti 10 tana yunƙuri ba abin da ya fito, sai a tashe ta tsaye a ɗan zaga da ita, don ɗan ya koma ciki a samu sarari, wani ya buga wa malamin dabbobi waya, wani kuma mai siririn hannu ya yanke farce, ya wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ya shafa mai, ya lalubo abin da ya lanƙwashe, yana rufe kofaton da tafin hannunsa kada ya huda mahaifa. Ja kuwa da hannu ake yi, mutum ɗaya ko biyu, lokacin da take yunƙuri, a karkata zuwa wajen dugaduganta. Ɗaura igiya a jikin amalanke ko babur a fizga, kamar yadda wasu ke yi wa saniya, hanyar rasa uwa da ɗa ce gaba ɗaya.

Faɗowar ɗan ba ita ce ƙarshen tsaro ba. Likitocin dawaki suna da wani ɗan lissafi mai sauƙin riƙewa: cikin awa ɗaya dukushi ya miƙe, cikin awa biyu ya kama nono, cikin awa uku mabiyiya ta faɗi. Ba a yanke cibiya, da kanta take tsinkewa in uwar ta tashi. Abin da take bukata shi ne a tsoma ta cikin ruwan aidin da aka sirka, irin Bétadine na farmasi, sau biyu ko uku a ranar farko. Toka da kashin dabba da ƙasar turke ba su da wuri a kanta, domin babu dabbar gida da tetanos ke kamawa kamar doki, kuma ta cibiya yake shiga ya sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Babban al'amari kuma shi ne dakashi. Jariri ɗan Adam yana samun kariya daga cututtuka tun yana ciki, amma mahaifar goɗiya ba ta barin wannan kariya ta ratsa, don haka dukushi yana zuwa duniya ba shi da garkuwa ko ɗaya sai abin da ya sha a nonon farko. Hanjinsa yana karɓar ta sosai a awa 6 zuwa 12 na farko, bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Dukushin da aka ce ya yi kwana uku garau sai gwiwoyinsa suka kumbura, ko zawo ya kwantar da shi, galibi dakashi ne bai samu ba. In ya kasa kamawa, a tatsa a ba shi yana tsaye ko a kishingiɗe bisa ƙirji. Ɗura wa wanda ke kwance a gefe tana kai nonon cikin huhu. Mabiyiyar da ta wuce awa uku kuma ba a fizgar ta: a ƙulle ta kada a taka, a nemo malamin dabbobi a ranar, don ruɓewarta a ciki tana kawo zazzaɓi da ciwon kofato mai gurgunta goɗiya har abada.

Akwai wani gefen da ya fi shafar mai aiko da kuɗi daga birni, wato lokacin barbara. Goɗiya takan fi neman namiji in ta ƙoshi, wato da damina. Wadda aka hau a watan Yuli za ta haihu a Yuni, ke nan watanni ukun ƙarshe na cikinta, lokacin da ɗan ke yin kusan kashi biyu cikin uku na girmansa, sun faɗo daidai tsakiyar bazara, sa'ad da dami ɗaya na harawa ya fi kowane lokaci tsada, rumbu ya yi ƙasa, rijiyoyin arewacin Tasawa da Mayahi masu zurfi kuma suna cike da layin dabbobi. Wanda bai sayi harawar wake da ta gyaɗa ya ajiye tun da kaka ba, to ya san da cikin yunwa za ta shiga naƙuda, ta haifi ɗa rarrauna, nono kuma ya ƙi zuwa. Jinkirta barbara zuwa Satumba ko Oktoba yana kawo haihuwa cikin Agusta ko Satumba, ga ɗanyar ciyawa, ko da yake a lokacin sai an yi fama da ƙwari masu cizo da ke yaɗa annobar dawaki. Kowane zaɓi da nasa nauyi, amma a yi shi da sani. Ƙiba ma tana da nata haɗari. Ƙananan dawaki, da jakuna irin namu, in mace mai ciki ta yi ƙiba sa'an nan ta daina cin abinci kwana biyu ko uku, kitse yakan malalo cikin jininta ya lalata hanta, kuma da yawa ba su tashi. Jaka ko goɗiya mai tsohon ciki da ta juya wa dusa baya, a ranar ake nema mata magani.

Allurar rigakafin da ma'aikatan kiwo ke zagayawa da ita kyauta kowace shekara ta shanu ce da tumaki da awaki da raƙuma. Mai doki shi zai nemi tasa da kuɗinsa, musamman ta tetanos, wadda ake yi wa goɗiya sati 4 zuwa 6 kafin haihuwa don kariyar ta bi dakashi ta isa ga ɗan. Tun farkon shekarun 2000 aka fara kafa likitocin dabbobi masu zaman kansu a karkarar Nijar tare da mataimakansu na ƙauye, kuma Dakwaro a nan jihar Maraɗi na cikin wuraren farko. Lambar wayar mataimakin da ya fi kusa ya kamata ta kasance a salular mai tsaron goɗiya tun cikin yana wata tara.

In kuma duk da haka aka rasa ɗan, akwai abin yi bayan innalillahi. Kada a janye gawar nan take. A bar ta gaban uwar na ƴan awoyi ta sunsuna har ta juya da kanta, in ba haka ba takan yi kwanaki tana haniniya tana fizgar turke. Dakashinta dukiya ne: a tatsa a ranar farko, a zuba a kwalba mai tsabta, in akwai mai firiza a gari a daskarar da shi, yana kai shekara guda yana jiran wani marayan dukushi. Bayan nan a rage mata hatsi, a daina tatsa don nonon ya ƙafe, ana taɓa hantsar kullum ko ta yi zafi. A duba gawar da mabiyiyar da kyau, a ɗauki hoto a nuna wa malamin dabbobi, domin tagwaye ne ko karkataccen ƙashi ko cuta, kowane da abin da yake faɗa game da ciki na gaba. In ɓari ne, a binne komai da zurfi, a ware ta daga sauran masu ciki na sati uku ko huɗu, don akwai ƙwayar cutar da ke bin garke tana zubar da ciki ɗaya bayan ɗaya. Goɗiya takan nemi namiji kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa, kuma mai ita, da zafin asara, yakan so a mayar da ita nan da nan. Wadda ta sha wahala ko aka sa mata hannu, a bar wannan zagaye ya wuce har ta warke. In uwar ce ta tafi ta bar ɗan, jar akuyar Maraɗi ta sha ceton irinsa: nonon akuya ya fi na saniya dacewa da cikinsa, ana ba shi kaɗan-kaɗan kowace awa ɗaya ko biyu, dare da rana, a satin farko.

Saura zancen da ke ɓata zumunci. Mai goɗiya yana birni yana ganin ya aiko da kuɗi, mai riƙo yana ƙauye yana ganin ya yi wata goma sha ɗaya yana yankan ciyawa da ɗiban ruwa ba lada, sai ranar asara kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an faɗi ladan tukuna. Tun ranar da aka kai goɗiya ya kamata a zauna gaban shaidu a yanke: wane ne zai zaɓi ingarma, nawa ne kuɗin harawar bazara kuma yaushe za su iso, wa zai kwana a turke daga ranar da kaki ya fito a nono, mene ne rabon mai riƙo in dukushi ya rayu, kuma mene ne haƙƙin wahalarsa in bai rayu ba.